Ranar da Muka Kai Zobe Maƙera

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, Shi da ya ara mini kwana har haƙorana suka zube ina gani. Malam Idi, mijin Uwani, shi ke riƙe da alƙalami, ni nawa faɗa ne, kuma na ce masa kada ya gyara mini zance ko da ya ji na karkace. Uwani, Umaru, Sa'adu, ku uku nake yi wa wannan babi. Na san abin da danginku na Kafin Hausa suka daɗe suna faɗa, wai sawun mahaifinku bai bushe a bakin kogi ba na cire zobensa na kai kasuwa. Ban taɓa musawa ba, domin na kai ɗin. Amma yadda aka yi aka kai, da wanda ya raka ni, wannan ba su sani ba, ku ma ba ku sani ba.

Mahaifinku manomin shinkafa ne a ƙauyenmu na gefen Kirikasamma, idan ruwa ya ja kuma ya shiga su kamar kowa. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, shi ya sa ake ce masa Malam, ni ma haka nake kiransa. Kafin aurenmu ya bi fatake sau biyu zuwa wajen Barno da busasshen kifi, a can aka biya shi da liyari, kuɗin azurfan nan masu hoton mace. Ya ɓoye guda biyu bai kashe ba, ya kai wa maƙeri aka narka su aka yi zobe ɗaya, mai faɗin fuska, an murɗa gefensa kamar igiya. A ƙasan lefe na same shi, a naɗe cikin zane. Nauyi gare shi, har sai da na yi wata guda kafin hannuna ya saba da daka da shi. Matan ƙauye kan ce in miƙo su gani, ni kuma ina yarinya, sai in miƙa ina kawar da kai kamar ban damu ba.

A gidan na tarar da mahaifiyarsa, kakarku, wadda Uwani ta ci sunanta. Iya muke ce mata. 'Yar ƙaramar mace ce, baƙa, da tsagen Barebari a kumatu, iyayenta daga bakin Tafkin Chadi suka taso. Ba ta iya yabo ba. In miyata ta yi daɗi sai ta ce, “To, yau dai ba a zubar da gishiri ba.” In ba ta yi ba, ta ci ta yi shiru, shirun ya fi faɗa ciwo. Shekarata ta fari a gidan ina tsoronta kamar me. Sai da na zo haihuwar Uwani, naƙuda ta yi tsawo, na ga tsohuwar nan ta durƙusa a bayana ta riƙe ni tun hantsi har la'asar ba ta ko miƙe ta sha ruwa ba, sannan na san wace ce.

Shekarar da aka haifi Sa'adu ruwa ya zo da ƙarfi. Mahaifinku da mutum uku suna dawowa daga wajen Baturiya, kwale-kwalensu ya kife a tsakiyar ruwa. Biyu ba a same su ba sai bayan kwana uku. Shi Allah ya haɗa shi da kututturen goruba, ya rungume shi har masu fito suka hango shi. Ya dawo gida lafiyar jiki ƙalau, amma ba mutumin da ya fita ba ne. Ya rage dariya, ya yawaita zama a kan buzu. Na zuba masa ido har aka yi girbi. Wata rana da safe ina shanya shinkafa a tsakar gida ya zo ya tsuguna kusa da tabarmar.

“Kulu, ina da magana. Ranar da nake cikin ruwan nan na yi wa Allah alkawari. Na ce in Ya fid da ni, zan taka da ƙafata har ɗakinsa.”

Na ce, “Makka, Malam?”

“Makka. Akwai ayarin da zai tashi gabas bayan sallar layya. Ina so mu tafi tare, ke da yaran. Iya ta koma wurin Yaya Modu.”

Ku da kuka taso yanzu kuna jin ana cewa wane ya tafi gabas, amma ni na ga masu tafiya, na kuma ga 'yan kaɗan da suka dawo. Tafiyar shekara bakwai ce, ko goma, ana yi ana tsayawa ana noma a ƙasar mutane don a sami guzuri. Ƙanwar mahaifiyata ta tafi da 'ya'ya huɗu, ta dawo ita kaɗai, kowanne ta san garin da ta baro shi a ƙasa. A lokacin Uwani shekararta bakwai, Umaru huɗu kuma ga shi da ciwon saifa, Sa'adu ko zama bai fara ba. Kwana uku ina juya abin, in dubi Malam in ji ba zan iya rabuwa da shi ba, in dubi cikin Umaru a kumbure in ji ba zan iya kai shi hanya ba. Rana ta huɗu na kai masa fura na durƙusa.

“Malam, ka yafe mini. Ba zan iya binne ɗa a bakin hanya in tashi in ci gaba da tafiya ba.”

Ya karɓi ƙwaryar. Na ɗauka zai yi fushi, ko ya kawo mini aya. Sai ya ce, “Na san haka za ki ce. Da kin ce wani abu daban ma da na yi mamaki.”

Ku ji wannan da kyau, domin nan ne ake yi wa mahaifinku ƙarya. Bai sake ni don fushi ba. Ana saura kwana biyu su tashi ya kira liman da wani dattijo, ya zaunar da ni, Iya tana bakin ƙofa. Ya ce bai san ranar dawowarsa ba, bai san ko akwai dawowar ba, kuma ba zai bar ni a rataye ba, ni ba matar aure ba ni ba bazawara ba, ina tsufa ina kallon hanya. Ya yi mini saki ɗaya. Na ce ni ban roƙa ba, zan jira. Ya ce, “Ki jira in kin so, amma da igiyarki a hannunki.” Da suka fita na fara murza zoben zan cire in ba shi, ko ya yi guzuri da shi. Ya dafe hannuna.

“Naki ne. Ba aro na ba ki ba.”

Muka raka su bakin fito. Ya ɗauki Umaru ya sauke, ya shafa kan Uwani, ya durƙusa gaban Iya ta tofa masa addu'a a ka. Idonta a bushe. Da jirgin ya kai tsakiya ta juya ta ce mini, “Mu je, kaji za su shiga shinkafa.”

Na yi idda a ɗakina. Abin da ya bari a rumbu muka ci, muka lallaɓa, amma gonar fadama ba aikin mace ɗaya da goyo ba ce, damina ta zo ta wuce ba mu sami abin kirki ba. Ruwa ya fara ja sai ga baffanku Modu daga Kafin Hausa. Kada ku riƙe shi da mugunta, Allah Ya ji ƙansa. Mutum ne mai lissafin gaskiya, ya zo ne ya ɗauki nauyin da ya ga ya faɗo kansa. Ya leƙa rumbu, ya zauna a zaure, ya sa aka kira ni.

“Uwar Uwani, kin yi ƙoƙari. Amma idda ta ƙare, ke yarinya ce, gidan yayanki yana nan a buɗe. Zan tafi da Iya da manyan biyu. Na goye ki riƙe shi, in kin yaye a kawo.”

Na ce, “Yaya, a bar mini su.”

“Ki ciyar da su da me? Na ga rumbun.”

Sai muryar Iya daga bayan zana. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

“Kai, ni ba kayan gado ba ce da za a ɗora a jaki. Ubanku a nan yake kwance, nan zan kwanta.”

“Iya, yunwa fa?”

“Ka ba mu zuwa faɗuwar ruwan fari. In ka dawo ka tarar jikokina sun rame, ka kwashe mu duka har kajin.”

Bai iya yi mata musu ba. Ya bar mana damin gero biyu ya tafi, ya ce zai dawo kamar yadda ta ce.

Da ya tafi na ce, “Iya, kin yi alkawari, da me za mu cika?” Ta ce in zauna. Ta ce ruwa yana ja, nan da 'yan kwanaki masunta za su fara fid da kifin da ya fi ƙarfin cikinsu, tarwaɗa da karfasa har suna ruɓewa a bakin gulbi. Ita ta iya banda tun tana budurwa a bakin tafki, irin wadda ke shekara ba ta yi tsutsa ba. Abin da babu shi ne abin sayen kifin farko, da jakin da zai kai shi kasuwa. Tana magana tana kallon hannuna. Na gane. Na sa ɗaya hannun na rufe zoben kamar wanda za a ƙwace.

“Iya, shi kaɗai ya rage mini.”

Ta ce, “Uku suka rage miki. Ga su can suna wasa da ƙasa.”

Ana gobe kasuwar Haɗejiya muka bar manyan biyu wurin maƙwabciya, na goya Sa'adu, muka kama hanya tun da sanyin safiya. Na ce Iya ta zauna, tafiyar ta yi mata nisa. Ta ce in ta bar ni ni kaɗai, mutumin farko da ya yi mini murmushi zan ba shi zoben in yi masa godiya. Kwana muka yi a hanya wurin wata 'yar'uwarta, washegari muka yi fito, muka shiga ƙofar gari rana ta ɗaga. A hanya ta yi ta ba ni karatu. Kada in cire shi daga hannu sai an gama ciniki, domin abin da ke yatsa ado ne, abin da ke tafin hannu kuwa na mai neman kai ne. Kada in faɗi dalilin sayarwa. Kowa ya taya, in ce albarka, ko da kuɗin ya girgiza ni.

Muka fara da wata dillaliya da ake ce wa Ta-Sallah, mai baki kamar zuma. Ta kama hannuna tana juyawa, tana cewa kai, irin na da ne, yanzu 'yan mata ba sa son mai nauyi. Ta taya wuri dubu uku, kuɗin lokacin ke nan. Ni da ban taɓa riƙe dubu ɗaya tawa ba, saura kaɗan in sallama. Iya ta taka mini ƙafa.

Na ce, “Albarka.”

Iya ta ce, “Liyari biyu ne a ciki, 'yar nan. Ko a makance aka auna ya wuce haka.”

Ta-Sallah ta yi dariya ta ce ashe da uwar ciniki aka zo. Ta ce to akwai gidan wani mai rini da za su aurar da 'yarsu, uwar tana neman abin hannu na kirki, mu zo ta kai mu, in an daidaita a ba ta la'adarta.

Matar mai rinin mutuniyar kirki ce. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa da fura, ta karɓi Sa'adu tana yi masa wasa. Ta kira 'yar tata, wata doguwa mai kunya, ta kara hannunta kusa da nawa. Ta ce ba ta taɓa ganin murɗi mai kyau irin wannan ba. Ta ce dubu huɗu da rabi take da shi, ba ta da fiye da haka, hidimar biki ta cinye ta. Sannan ta dube ni irin kallon da mace ke yi wa mace, ta ce, “Ban tambaye ki komai ba. Amma ki sani, in ya shigo gidan nan ba zai fita ba. Duk ranar da Allah Ya buɗa miki, ki zo, yadda kika ba ni haka zan ba ki.”

Wallahi na so in sallama a take. Na ga zoben yana nan a cikin gari, a hannun yarinya mai hankali, na ga ranar da Malam zai dawo in zo in karɓa in sa, ya same ni kamar yadda ya bar ni. Na buɗe baki. Iya ta riga ni.

“Allah Ya saka da alheri, Allah Ya sanya albarka a auren. Bari mu ɗan zaga mu dawo.”

Da muka fito na kasa haƙuri. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

“Iya, me ya sa? Matar nan za ta adana shi!”

“Na ji.”

“To me kuma muke nema?”

“Dubu huɗu da rabi, a cire la'ada. Jaki ne babu kifi, ko kifi babu jaki. Wanne kika zaɓa?”

Ta ci gaba da tafiya da sandarta, ina bin ta ina share ido da gefen mayafi, har muka shiga unguwar maƙera.

Maƙerin azurfan da muka je wurinsa tsoho ne mai ido ɗaya, ana ce masa Baba Maina. Iya ta gaishe shi da Barbarci, ya ɗago da sauri ya amsa, suka ɗan taɓa zancen garuruwan da ni ban sani ba. Sannan ya ce in miƙo hannu. Bai yaba ba, bai kushe ba. Ya goga gefen zoben a kan wani baƙin dutse, ya kai dutsen kusa da idonsa mai gani, ya daɗe. Ya ce rabonsa da azurfa irin wannan tun kafin hanyar gabas ta lalace, yanzu duk abin da ake kawo masa rabi dalma ne. Wani attajiri ya ba shi aikin awarwaro, ya rasa abin da zai cika. Ya taya dubu biyar. Na ce albarka, wannan karon ba a taka ni ba. Ya ce da rabi. Iya ta ce mu tashi, rana tana yi. Ya ce shida. Iya ta ce shi da kansa ya ce babu irinta a gari, ko ya fasa faɗa ne? Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce da ya san 'yar bakin tafki ce da bai buɗe baki ba. Suka tsaya a dubu bakwai, ba dillali ba la'ada.

Sai na yi tambayar da na san amsarta.

“Baba, in ka saya, me za ka yi da shi?”

“Narkawa, 'yata. Ni nauyin nake saye, ba murɗin ba. Ba zan ruɗe ki ba.”

Na dubi Iya. Na zaci za ta ce in sallama. Ba ta ce ba. Ta kawar da kai tana kallon bango, ta ce a hankali, “Naki ne, Kulu. Na kawo ki inda ya fi tsada, iyakar nawa ke nan. In kin ce mu koma gidan mai rini, mu koma, ba zan ƙara magana ba.”

Sa'adu ya farka a bayana ya fara neman nono, yana dukan kafaɗata da ɗan hannunsa. Na tuna Uwani a gidan da ba nata ba tana wanke-wanken wasu, na tuna wa zai tashi ya jiƙa wa Umaru magani in cikin ya motsa. Na kuma gane wani abu da nake ɓoye wa kaina. Ba don in adana zobe nake son gidan mai rini ba, don in adana dawowar Malam ne, alhali dawowarsa ba a hannun matar mai rini take ba.

Na ce, “Na sallama.”

Zoben ya ƙi fita. Shekara tara yana wurin, yatsan ya yi ƙiba a bayansa. Na ja har ya yi ja. Iya ta roƙi ɗan man shanu a cikin gidan maƙerin, ta zauna a ƙasa ta ɗora hannuna a cinyarta, ta shafa, tana murzawa kaɗan-kaɗan kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro. Da ya fito ba ta miƙa wa maƙerin ba. Ta sa mini a tafin hannu, ni na miƙa.

Aka ƙirga wuri aka zuba mana a buhun kaba. Baba Maina ya ce mu tafi, ba sai mun gani ba. Na ce zan gani. Ban san dalili ba har yau, sai dai na ji bai kamata ya tafi ba kowa nasa a wurin. Ya sa shi cikin ɗan kasko, ya tura cikin gawayi, ya kama zuga-zugi. Da fari ba abin da ya faru. Sai ya yi ja. Murɗin gefen ne ya fara kwantawa, sannan fuskar ta lotsa, sai gaba ɗaya ya zube ya zama ɗigo guda mai sheƙi yana rawa a gindin kasko. Ko tafasar ruwan kunu ta fi shi daɗewa. Na ji an riƙe mini tsintsiyar hannu da ƙarfi har da zafi. Iya ce. Ba ta kalle ni ba, kaskon take kallo.

Muka biya gidan mai rini na ba matar haƙuri, ta ce ba komai, Allah Ya sa haka ya fi alheri. Na ɗora buhun a ka, ga goyo, muka bar gari. Muka taka har bakin kogi. Jirgin fito yana wancan ƙetaren, muka zauna jira a gindin wata tsamiya. Ina sauke kaya na juyo, sai na ga kafaɗun Iya suna rawa. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Matar da ba ta yi kuka ba ranar da ɗanta ya shiga jirgi, ga ta tana kuka kamar yarinya.

Na ce, “Iya, lafiya?”

Da ƙyar ta ce, “Ni na raka shi wurin maƙeri ranar da aka yi zoben. Ya ce, Iya, kina ganin za ta so? Na ce wace mace ce za ta ƙi liyari biyu. Ya ce a'a, murɗin, kina ganin za ta so murɗin?”

Sai a lokacin na gane. Duk yinin nan ina ganin ni kaɗai ake cire wa abu, ita mai taurin zuciya ce kawai da ta iya ciniki. Ashe ni miji na rasa, wanda shari'a ma ta ce ina iya samun wani. Ita kuwa ɗa ne, kuma da ƙafarta ta taka yini guda ta kai abin da ya rage na hannunsa wuta, don 'ya'yana su kwana a ɗakina. Na matsa na rungume ta, Sa'adu a tsakaninmu yana ta mutsu-mutsu. Muka yi kukanmu har mai fito ya iso ya tsaya yana kallon ruwa, bai ce mu yi sauri ba.

Da ta share fuska ta ce, “Ɗaura bakin buhun nan da kyau. In ya zube a ruwa, ke za ki nutsa ki tsinto.”

Muka sayi wani tsohon jaki mai yagaggen kunne, wanda ku manyan kuke tunawa da shi, da mangala. Sauran muka zuba a kifi da itace. Iya ta gina mana wurin banda a bayan gida da hannunta, ta koya mini yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke, da irin itacen da ke ba da ja, da wanda ke sa ɗaci. Idona ya yi wata yana zubar da ruwa kafin ya saba da hayaƙi. Kasuwa ta fari ban sayar da rabi ba. Ta uku, wasu fatake masu zuwa Kano suka ɗanɗana suka kwashe duka, suka ce in ajiye musu na gaba. Da ruwan fari ya faɗi baffanku ya zo kamar yadda ya ce. Iya ta sa na yi masa tuwo da miyar kifi, ta jera ku a gabansa. Ya ci, ya ɗaga rigar Umaru ya duba cikinsa, ya dubi hannuna, ya ga wurin zoben fari fat. Ya tambaya, na faɗa masa. Bai ji daɗi ba, daga nan maganar ta samo asali. Amma ya koma shi kaɗai.

Masu neman aure sun zo, ba ɗaya ba ba biyu ba. Ba zan ce muku don Malam na ƙi ba, domin ban sani ba. Kowanne in ya zo sai in tambaye shi ko da ɗakin da Iya za ta zauna, daga nan zancen kan mutu.

Shekara tara bayan haka, Iya ta makance amma tana gane kifin da ya gasu da hanci, wani Alhaji mutumin Auyo ya dawo daga gabas, ya yi ta tambaya har ya sami gidanmu. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida kusa da ita. Ya ce ya san Malam Bukar, mahaifinku, sun yi noma tare shekara biyu a hanya. Ya ce ya isa. Ya yi ɗawafi, ya tsaya Arfa, shi da idonsa ya gan shi cikin harami. Bayan sallah da kwana kaɗan zazzaɓi ya kama shi, a can aka yi masa sutura.

Iya ta ce, “Ya isa dai?”

“Ya isa, Iya.”

“Da ƙafarsa?”

“Da ƙafarsa.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi. Bai yi wa Allah ƙarya ba.” Ta laluba ta kamo hannuna ta riƙe. Muka zauna haka, baƙon yana addu'a muna amin. Can sai ta ɗaga hanci.

“Kulu, kifin nan zai ƙone.”

Na tashi na zaga baya. Na tsuguna a bakin wuta ina juya su ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi yana shiga mini ido. Uwani, kin leƙo kin tambaye ni ko lafiya, na ce miki itacen ne ɗanye.